Rumbun Yusufu: Darasi a Kan Ajiya Domin Ranar Wahala

Karatu: Farawa 41:25-57

A wannan wata za mu koyi tanadi daga wurin Yusufu.

Sa'ad da Fir'auna ya yi mafarki, Allah ya nuna wa Yusufu ma'anarsa: shekara 7 na ƙoshi, bayansu shekara 7 na yunwa. Yusufu bai tsaya ga fassara kaɗai ba. Ya ba da shawara a karɓi kashi 1 cikin 5 na amfanin ƙasar Masar, a tara a birane. Ku lura, ya soma tun ana cikin ƙoshi, ya kuma yanka rabo sananne. Bai ce a ajiye abin da ya ragu ba, gama a gida mai 'ya'ya ba abin da yakan ragu.

Mu ba a faɗa mana shekarar wahalarmu ba. Tsofaffinmu suna tunawa da farin 1973, yadda aka sayar da shanu a wulakance domin mudun hatsi. Amma ba sai fari ba. Yaro yakan kamu da zazzaɓi da tsakar dare, ga kuɗin mota, ga kuɗin magani. Wanda ba shi da ajiya sai ya ci bashi da ruwa, ko ya jinginar da gonarsa, wani lokaci ba ya ƙara fansarta.

Wani zai ce, ajiya ba rashin bangaskiya ba ce? Ubangiji ai ya tsauta wa mai arzikin nan da ya rushe rumbunansa ya gina manya (Luka 12). Gaskiya ne. Amma mutumin ya tara wa kansa ne kaɗai, ya manta da Allah. Hatsin Yusufu kuwa ya ciyar da Masarawa, har da gidan ubansa da suka zo daga Kan'ana.

To, da kaka, bayan ka fitar da zakka, ka ware damunan da ba za a taɓa ba. Mai albashi ya ware nasa ran da ya karɓa. Kada ku dogara ga adashi, gama ciwo ba ya jiran ranar ɗaukarka. Biki da tufafin Kirsimati kuma ba wahala ba ne, an san ranarsu tun da wuri. Da yake darajar kuɗi takan faɗi, yana da kyau a mai da wani sashi hatsi ko akuya, amma a bar tsabar kuɗi inda hannu zai kai ko da dare. Maigida ya nuna wa matarsa wurin, domin watakila shi ne zai kwanta.