Me ake tambaya a intabiyun kamfanin cinikin mai?

Wani matashi daga Gauraka, wanda ya karanta akanta, ya rubuto cewa wani kamfanin cinikin man fetur a Abuja ya kira shi intabiyu. Yana tambaya: tunda bai karanta fannin mai ba, kuma ba shi da uwa a gindin murhu, ya je ko ya haƙura?

Ɗana, ka je. Irin wannan kamfani ba haƙo mai yake yi ba. Sari yake yi daga matata ko jirgin ruwa, ya sayar wa gidajen mai da masana'antu, don haka mai iya lissafi yake nema ruwa a jallo. Alfarma kam akwai ta a ƙasar nan, ba zan ɓoye maka ba, amma ɗan kasuwa ba ya damƙa littafin kuɗinsa ga wanda zai jawo masa asara.

Manyan kamfanoni sukan fara da tantance takardu, har da ta bautar ƙasa, sai jarrabawa a kwamfuta, sannan zama gaban kwamiti. Haka NNPC ta bi kafin ta ɗauki sabbin ma'aikata 1,050 a 2020.

A gaban kwamitin ne zamanka a Gauraka zai yi maka rana. Kullum kana ganin tankoki a hanyar Abuja zuwa Kaduna, ga defon Suleja kusa da kai. Za su iya cewa: tanka ta ɗauko lita 45,000 daga Legas, kafin ta iso farashi ya sauka da naira 10 a lita, nawa aka rasa? Naira 450,000 ke nan, ban da kuɗin dako da giɓin da akan samu wajen awo. Ka lissafa a bayyane, suna son jin yadda kake tunani.

Ka kuma san abin da ya sauya kasuwar: cire tallafi a Mayun 2023, da fara fitar da fetur daga matatar Dangote a Satumban 2024. Ka riƙe sunan NMDPRA, hukumar da ke ba 'yan kasuwar mai lasisi.

Idan aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka faɗi inda za ka nemo amsa. Wanda kuwa ya bugo waya yana neman "kuɗin fom" kafin intabiyu, ɗan damfara ne, ka kashe wayarka.