Darasi na 7: Yadda Za Ku Fahimci Abin da Kuka Karanta

Yanzu kun san baƙaƙe da wasula, kun kuma iya haɗa su su ba da kalma. Madalla. Amma da sauran aiki, domin mutum kan furta duk abin da ke jikin takarda, a tambaye shi me ta ce, ya rasa ta cewa. Manomin Kademi da ya sayo maganin feshi, bukatarsa ita ce ya gane yawan da zai zuba a ruwa. Uwa a Balare da aka ba ta maganin yaro, bukatarta ita ce ta gane sau nawa za ta ba shi a rana. Domin manya irinku aka kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Ga dabaru biyar da za su taimake ku.

1. Ku zaga kafin ku shiga

Manomi yakan zaga gona ya ga tudu da kwari kafin ya sa fartanya. Ku ma ku fara duba kan magana, da hoto idan akwai, da lambobi. Daga nan za ku san inda zancen ya dosa.

2. Ku riƙe tambayoyi biyar

Wa ake magana a kansa? Me ya faru? A ina? Yaushe? Don me? Mai karatu da tambaya a zuci kamar wanda ya shiga kasuwar Wudil ranar Juma'a ne ya san abin da ya je saya. Hayaniya ba ta ɗauke masa hankali.

3. Kada kalma ɗaya ta tsayar da ku

Idan kalma ta shige muku duhu, ku ƙarasa jimlar, maƙwabtanta za su bayyana ta. Ku dubi kalmar "gari". A rubuce iri ɗaya ce, amma "na shiga gari" daban, "na tankaɗe gari" daban. Haka "kuka": akwai ta miya, akwai na jariri. Ku kuma lura da baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Kafa daban da ƙafa, baki daban da baƙi. Idan abin ya faskara, ku ja layi a ƙarƙashin kalmar, ku tambayi malami. Matambayi ba ya ɓata.

4. Ku rufe littafi, ku faɗa da bakinku

Wannan ita ce uwar dabarun. A makarantar allo ba a wanke wa almajiri allo sai ya biya karatunsa a gaban malam. Ku ma idan kun gama sakin layi, ku rufe littafin, ku bayyana abin da kuka gane da kalmominku, kamar kuna ba wa maƙwabci labari. Inda kuka cije, nan ne ba ku gane ba. Ku buɗe, ku sake karanta wurin kaɗai. Wanda ya iya bayyana wa wani, shi ne ya fahimta.

5. Ku yi bita kaɗan-kaɗan, kullum

A 1885 wani masani ɗan Jamus mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan an koyi abu, kuma maimaitawa a lokuta daban-daban tana rage ta. Alarammominmu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba sa wasa da tilawa. Ku duba darasi ranar da aka koyar da shi, ku sake dubawa washegari, sai bayan kwana 3, sai bayan mako. Minti 20 kullum bayan sallar Asuba, ko bayan an sauke tukunyar dare, ya fi yini guda a wata. Da damina ma, duk yawan aikin gona, kada ku yanke. Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Gwaji

Ku karanta wannan sau biyu, sannan ku rufe littafin:

Gaya tsohon gari ne a gabashin Jihar Kano. Tarihin baka ya ce wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya, ya je Dutsen Dala neman tama, ya zauna a can. Ana kiran zuriyar waɗannan maƙera Abagayawa.

Wace sana'a mutumin yake yi? Daga ina ya taso? Me ya kai shi Dala? Me kuke jin kalmar "tama" take nufi, kuma wace kalma ce ta taimake ku kuka gane?

Aikin gida

Ku nemi rubutun Hausa guda ɗaya, ko saƙon waya ko sanarwar da aka liƙa a asibiti. Ku bi dabarun nan biyar, gobe ku faɗa wa aji abin da ya ƙunsa.

'Yan'uwa maza da mata na Gaya da Ajingi, gemu ba ya hana ilimi, goyo ma ba ya hanawa. Daga yau kada ku sa hannu a takardar da ba ku fahimci abin da ta ce ba.