Babi na Tara: Ɗora Babbar Manhaja a Kan Ƙaramar Kwamfuta

Gabatarwa

Malamin Hausa da aka tura makaranta a karkarar Ɓaure, Zango, Sandamu ko Mai'aduwa yakan tarar da ƙarancin littattafai da rashin tsayayyar wutar lantarki. Wannan darasi zai nuna wa ɗalibi malami yadda zai haɗa kwamfuta mai rahusa wadda za ta rubuta Hausa bisa ƙa'ida.

Ma'anar Kalmomi

Raspberry Pi kwamfuta ce da aka tattara sassanta a kan faranti guda, girmanta bai wuce katin banki ba. An fara sayar da ita a 2012 a kan dala 35, bayan Eben Upton da abokansa sun ƙirƙiro ta a Kambirij ta Ingila domin koyar da yara.

Babbar manhaja ita ce ke sarrafa na'ura baki ɗaya. Buɗaɗɗiya kuwa ita ce wadda kowa ke da izinin kwafa da gyarawa da rabawa, kamar Linux da Linus Torvalds ya faro a 1991. Raspberry Pi OS daga wannan zuriya ta fito.

Matakan Ɗorawa

1. A tanadi katin memori mai gigabayit 32, da madannai, da linzami, da talabijin mai kafar HDMI.
2. A wata kwamfuta mai intanet, a sauke manhajar Raspberry Pi Imager.
3. A zaɓi samfurin na'ura, da babbar manhaja, da katin da za a rubuta. A nan ake buƙatar natsuwa, domin duk abin da ke cikin katin zai goge.
4. A saka katin a na'urar, a haɗa sauran kayan, sannan a ba ta wuta daga ƙarshe. Samfuri na 4, wanda ya fito a 2019, wat 15 ya ishe shi, don haka ƙaramar sola mai batir za ta ɗauke shi.
5. A zaɓi tsarin madannai na Hausa a rukunin Nijeriya.

Amfaninta ga Malamin Hausa

Mataki na biyar shi ne ƙashin bayan aikin. Idan babu haruffa masu lanƙwasa, “ƙofa” da “kofa” za su zama ɗaya, haka ma “ɓata” da “bata”, ɗalibi kuma abin da ya gani yake kwaikwaya. Bugu da ƙari, manhajar Kiwix tana ba da damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba.

Kammalawa

A riƙa kashe na'urar ta hanyar umarni kafin a zare waya, domin yankewar wuta kwatsam takan lalata abin da ke katin. A kuma ajiye kati na biyu a shirye.

Auna Fahimta

1. Mene ne buɗaɗɗiyar manhaja?
2. Kawo kalmomi biyar da ma'anarsu ke sauyawa idan aka bar lanƙwasa.
3. Tsara darasin minti 40 a kan tarihin rijiyar Kusugu ta amfani da wannan na'ura.