Yadda Ƙarfin Barade Ya Karye a Ƙasar Kano

Dokin yaƙi abin tsada ne. Sai an ciyar da shi dawa da harawa, a ba shi kanwa, a ajiye yaron da zai riƙa kula da barga. Ranar yaƙi a lulluɓe shi da lifidi saboda kibiya, barde kuma ya sa sulke da kwalkwali. A fili, dakaru ba sa iya tare irin wannan runduna. Da ita sarakunan Kano suka riƙe ƙasarsu bayan jihadin da Shehu Usman Ɗanfodiyo ya fara a 1804. A lokacin Dutse tana ƙarƙashin Kano.

Amma doki ba ya hawa tsauni da gudu, kuma Ningawa sun san haka. Sukan sauko daga duwatsunsu su faɗa wa Gwaram da Birnin Kudu da ƙauyukan Dutse, su kora shanu, su kama mutane. Kafin barade su ɗaura sirdi sun haye. An yi shekaru da dama ana wannan fama. A gabas kuma Sarkin Haɗeja Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye. An tura masa runduna ya kore ta, ya ci gaba da mulkinsa har ya rasu a 1863.

Babbar ɓarakar dai daga cikin gida ta fito. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello. 'Ya'yan tsohon Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi suka ce ba su yarda ba. Ɗaya daga cikinsu, Yusufu, ya fita da jama'arsa ya kafa sansani a Takai, nan kusa da Dutse. Garuruwa suka rabu biyu, wasu Tukurawa, wasu Yusufawa. Yusufu ya rasu ana tsakiyar yaƙi, ƙanensa Alu ya karɓi ragama, ya shiga Kano a 1894. An kashe Tukur a 1895. Wannan shi ne Basasa. Dawakin da aka yi kiwo don tsaron iyaka, a kan 'yan'uwa aka ƙarar da su, kuma kowa ya ga Sakkwato ta naɗa sarki ta kasa tsayar da shi.

Ba a nan aka fara ba. Mongol na nahiyar Asiya, waɗanda suka rushe Bagadaza a 1258, sun fi kowa iya yaƙi a kan doki. Babban sarkinsu ya mutu a 1259, ƙannensa biyu suka kama yaƙin gado. A 1260 sojojin Masar suka karya su a Ainu Jalut, daularsu kuma ta tsage gida huɗu.

Shekara takwas bayan Basasa Turawan Ingila suka iso, da igwa da bindiga mai ruwa, waɗanda lifidi ba ya tarewa. Ran 3 ga Fabrairu 1903 suka fasa ƙofa suka shiga Kano, Alu yana can wajen Sakkwato da manyan baradensa. A hanyar dawowa mahayan Kano suka gamu da Turawan a Kwatarkwashi, aka kashe Waziri Ahmadu. Haɗeja ce ta ƙara jan daga, har zuwa 1906, lokacin da Sarki Muhammadu ya faɗi a cikin garinsa tare da jarumansa.