Filin Shawara: Katin Shekara da Fitar Dare

Ni matar aure ce a GRA Katsina, 'ya'yana huɗu: babbar shekararta 14, sai maza biyu masu 10 da 7, sai auta mai 3. Bayan Ƙaramar Sallah maigidana ya yankar mana katin shekara a wani wurin wasan yara, don mu riƙa shiga ba sai mun sayi tikiti ba. Yanzu sun aiko saƙo cewa za su yi wa masu kati shiri na musamman da dare, daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu. Yara sun hana mu sakat. Surukata, wadda muke zaune gida ɗaya, ta ce dare mahutar bawa, 'ya'yan mutunci ba sa yawon dare, balle 'ya mace. Maigida kuma ya ce ya biya kuɗinsa, dole a more, amma shi ba zai samu zuwa ba, direba zai kai mu, kuma ni zan shawo kan Hajiya. Ita babbar kuwa so take in bar ta ta tafi da ƙawayenta. Anti, kaina ya ɗaure.
Maman Ummi, GRA Katsina

Maman Ummi, Allah ya raya zuri'a, ya ƙara zaman lafiya a gidanku.

Zan fara da maganar kuɗi, domin ita ce ta fi sauƙi. Kuɗin kati ya riga ya fita daga aljihun maigidanki. Ko kun je ko ba ku je ba, sisi ba zai dawo ba. Don haka "na biya" ba hujja ba ce ta kai yara wuri a lokacin da bai dace da su ba. Masu irin waɗannan wuraren sun san wannan raunin na ɗan'adam sarai. A Amurka, kamfanin Disney da ya buɗe filinsa na farko a Kalifoniya a 1955 ya daɗe yana sayar da katin shekara, wanda tun 2021 yake kira Magic Key a can, kuma akan ware wa masu katin wasu shirye-shirye na daban. Dalili a fili yake: wanda aka nuna masa shi na musamman ne zai sabunta kati baɗi, kuma duk shigar da ya yi sai ya sayi abinci da lemo. Kasuwanci ne halal, ban ga laifinsu ba. Sai dai su lissafin kasuwarsu suke yi, ke kuma lissafin gidanki ne a wuyanki.

Ban kuma ce fitar dare aibu ce ba. Duk wanda ya san zafin Katsina a watan Afrilu da Mayu, lokacin da rana kan wuce digiri 40, ya san ƙarfen lilo ba ya taɓuwa da azahar. Bayan isha'i ne gari ke yin sanyi, layi ya ragu, yaro ya hau abin da yake so ba turereniya irin ta yawon Sallah. Yaran GRA kuma, mu faɗi gaskiya, suna cikin wani irin ƙunci da na cikin gari ba su sani ba. A Ƙofar Soro ko Ƙofar Ƙaura yaro na fita ƙofar gida ya tarar da sa'o'insa, shi kuwa naku daga makaranta sai Islamiyya sai bayan doguwar katanga da waya a hannu. Ɗokin da kike gani a idonsu ɗokin samun fili ne, kada ki raina shi.

Amma sha biyun dare ya yi yawa. Masana lafiyar yara sun ce mai shekara 6 zuwa 12 na bukatar barcin awa 9 zuwa 12, mai 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13. Ki lissafa: ku bar wurin sha biyu, a iso gida, a wanke ƙafa, a kwanta wajen ƙarfe ɗaya, ga sallar asuba na tafe. In ranar makaranta ce washegari, an kashe wunin. Autarki ma ba ta da abin yi a can. Kafin tara za ta ɓingire a kafaɗarki, ki koma ɗaukarta kina waigen sauran ukun. Ki bar ta gida wajen kakarta. Shawarata ku shiga da an idar da isha'i, ku fito ƙarfe goma, kuma a faɗa wa yara lokacin tun a gida don kada a yi rigima a bakin ƙofa. Goman nan ba ni na ƙirƙiro ta ba: lokacin da matsalar tsaro ta tsananta a 2021, daga ƙarfe goma na dare gwamnatin jihar ta hana babura da Keke Napep zirga-zirga a cikin birnin. Bayan wannan lokacin titi kan yi shiru, in mota ta lalace mai taimako ma sai an nema. In damina ta kama, a sa wa yara riga mai dogon hannu da safa, a shafa musu maganin sauro, don sauron da ke kawo zazzaɓi da dare yake cizo.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya ki saurare ni. Abubuwa biyu maigidanki ya ɗora miki waɗanda nasa ne. Na farko, shawo kan mahaifiyarsa. Wannan ba aikin suruka ba ne. In ke kika je, ko da wane irin ladabi, abin da zai zauna a zuciyar Hajiya shi ne matar ɗanta ce ke son yawon dare, kuma wannan tabon zai daɗe bayan kati ya ƙare. In shi ya durƙusa gabanta ya ce, "Hajiya, ni zan kai su da kaina, goma mun kamo hanyar gida, ga ƙarama nan mun bar miki," zance ya sauya. Tsoronta fa ba na banza ba ne. Ta ga jiya ta ga yau, kuma ta san yadda bakin mutane yake a kan 'ya mace a garin nan. Idan aka nuna mata an ji tsoron nata an yi masa tanadi, da wuya ta ƙi sa albarka. Idan kuma ta tsaya a kan a'a, ku haƙura da wannan daren ku je da la'asar sakaliya, katin ai na shekara ne.

Na biyu, zuwan kansa. Direba zai iya kai ku, amma ba zai riƙe hannun mai shekara bakwai a cikin cunkoso ba, ba zai tsawata wa saurayin da ya tare 'yarki ba. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ki same shi lokacin da ransa ke sanyi, ba a gaban yara ba, ki ce masa yaran da shi suke son zuwa. Idan awa biyu ta gagare shi a wannan ranar, to ba ranar fitarku ba ce.

Ita kuwa Ummi, amsar tafiya ita kaɗai da ƙawaye a'a ce, amma kada ki tsaya nan. Yarinya mai shekara 14 ba lilo ne ya dame ta ba, so take a gan ta cikin sa'anninta ba a riƙe da hannu ba. Ki ce ta gayyaci ƙawa ɗaya ko biyu da kika san iyayensu, ku ɗauko su a motarku, a can ki bar su su zaga inda idonki ke kaiwa, ki sa musu wurin haɗuwa da lokaci. Ki kira iyayen ƙawayen da bakinki, kada ki dogara da "Mamanta ta yarda." Haka za ta samu abin da take nema, ke ma ba ki sake ta ba.

Kafin ranar, a leƙa wurin da rana a tambaya: da janareto mai kamawa nan take in aka ɗauke wuta ana kan lilo? Masu kati kawai za a bari su shiga, ko duk mai kuɗi? Wane irin kiɗa za a sa? Akwai masu gadi a inda ake ajiye motoci? Wurin da ya kasa amsa waɗannan, kada ku je masa da dare.

*

Anti, ni ma'aikacin gwamnati ne mai 'ya'ya uku. Abokina na ta zuga ni in yanki katin shekara. Ya fi tikiti sauƙi?
Wani Baba, Katsina

Malam, ka raba kuɗin katin da abin da kake kashewa a tikitin shiga na rana ɗaya, za ka ga sau nawa ya kamata ku je kafin ka ci riba. Sannan ka tuna sau nawa kuka je bara. Gidaje da yawa ba sa wuce Sallah biyu da hutun ƙarshen zango. Ka kuma tambaya ko katin na aiki a ranakun Sallah, kuma ko ya haɗa da kuɗin hawa ko shiga kawai ya tsaya. In fitarku ba ta kai wancan adadin ba, ka ci gaba da sayen tikiti.