Yadda A Ke Auna Yunwa

Kowa ya san mudu. Da shi mu ke auna gero da dawa. To, da me a ke auna yunwa? Ba ta shiga mudu. Duk da haka ana auna ta, har a ce ta fi tsanani a wannan ƙasa bisa ga waccan.

Majalisar Ɗinkin Duniya tana da hukuma mai kula da abinci da noma. Babban ofishinta yana Rum, a ƙasar Italiya. Ma'aikatanta su kan lissafa abincin da kowace ƙasa ta noma, da wanda ta sayo daga waje, sa'an nan su duba yawan masu ci. Sun ce a shekarar 2023, mutum 1 cikin 11 a duniya ba ya samun abin da zai ƙoshi. A Afirka kuwa, 1 cikin 5.

Amma lissafin hatsi bai isa ba. Kun sani kasuwa ta kan cika da dawa, ga wani gida ba a ɗora tukunya ba. Saboda haka sai a duba yara waɗanda ba su kai shekara 5 ba, gama a jikinsu yunwa ta ke fara nunawa.

A kan auna tsawon yaro, a tambayi shekarunsa. In ya tsumbure, ƙarancin abinci ya daɗe tare da shi. A kan ɗora shi a sikeli. In ya rame ƙwarai, yunwar ta kwanan nan ce, ko kuwa ciwo ne, kamar zawo.

An yi wannan awo a Nijeriya a 2018. Yara 37 cikin 100 sun tsumbure. Wannan na ƙasa duka ne. A kudu maso gabas 18 ne, a arewa maso yamma kuwa 57. Kun ga lissafin ƙasa ya kan ɓoye halin da wani yanki ya ke ciki.

Akwai awon da uwa ma za ta iya yi, in yaro ya kai wata 6. Wani ɗan tsiri ne mai launi uku, a kan kewaya damtsen yaro da shi. Kore, lafiya. Rawaya, a ƙara masa abinci mai gina jiki, a nuna wa malamin asibiti. Ja kuwa, watau kaurin damtsen bai kai santimita 11 da rabi ba. A kai shi asibiti ran nan, kada a jira ranar kasuwa.