Kafin a kai iyali kallon namun daji: wane wata, kuma shekarun auta nawa?

Ni ɗan Cadawa ne, sana'ata shirya wa mutane tafiya: tikitin jirgi, biza, masauki. Yawancin aikin ofishinmu a Maradi Hajji ne da Umra, sai ƴan kasuwa masu zuwa Dubai da Cana. A ƴan shekarun nan kuma wata buƙata ta fara shigo mana. Magidancin da Allah ya buɗa wa, ko dillalin aya ne daga Agye, ko mai shigo da kaya daga Gazawa, ko babban ma'aikaci ɗan Gidan Rumji, sai ya zo ya ce yara sun hana shi sakat da giwa da zakin da suke gani a waya, yana so ya kai su su gani da idonsu, kuma kada a rage komi, a nemo masauki mafi kyau. Wannan buƙata tana faranta mini rai ƙwarai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kusan kowa da zancen otal yake farawa, alhali otal shi ne abu na ƙarshe da ake zaɓa. Ni tambaya biyu nake fara yi wa mutum: wane wata za ku iya tashi, kuma shekarun auta nawa?

Naman daji ruwa da ciyawa yake bi. A dazuzzukan yammaci da tsakiyar Afirka lokacin kallo rani ne, daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe ta kwanta, ƙananan tafkuna suka ƙafe, kowace dabba ta dawo bakin ɗan ruwan da ya rage. Da damina kuwa ciyawa ta shanye mutum a tsaye, ruwa ko'ina, dabbobi sun watse cikin daji. To babban hutun ƴan lakwal a Nijar daidai damina yake faɗawa, Yuli zuwa Satumba, kuma a nan ne ake tafka asara. Gandun Zakuma na ƙasar Cadi, wanda ƙungiyar African Parks ke kula da shi tun 2010 har giwayensa suka farfaɗo bayan ɓarnar mafarauta, ruwa ne ke malale shi da damina, masaukan ma rufe su ake yi. Gandun Mole na arewacin Gana, inda ake tafiya da ƙafa bayan ma'aikaci mai bindiga har a tsaya ana kallon giwaye suna wanka, shi ma ya fi daɗi da rani. Ga tsohon masallacin Larabanga a bakin hanyar shiga, ga Hausa ana ji a zango. Yankari ta jihar Bauci haka take. Wuraren nan na hutun ƙarshen Disamba ne ko na wajen Maris, wanda kuma ya yi daidai da lokacin da manomi da ɗan kasuwar yankinmu suka sayar da aya da gyaɗa da wake, kuɗi na hannu.

Wanda ba shi da sarari sai babban hutu, gabas zai nufa. Daga Yuli zuwa Oktoba ne dabbar nan mai kama da saniya da mutanen can ke kira nyumbu, sama da miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa, ke ƙetarowa daga Serengeti ta Tanzaniya zuwa Masai Mara ta Kenya, suna faɗawa kogin Mara kadoji na dakonsu. Duk duniya a lokacin take zuwa, saboda haka masaukan kirki sukan cika tun watanni shida ko fiye kafin lokacin, farashi kuma ya hau. A 2024 kuɗin shiga Masai Mara kaɗai ya kai dalar Amurka 200 a kan kowane baligi baƙo a kowace rana daga Yuli zuwa Disamba, ban da kwana da abinci da mota. Wanda ya zo mini cikin Yuni yana son tashi a Agusta, ragowar wasu zai samu, ko nawa ne a aljihunsa.

Zancen auta ya fi wannan cin kuɗin mutane. Masaukan da suka fi tsada a dajin gabashin Afirka galibi tantuna ne na alfarma da aka kafa a tsakiyar daji babu shinge, dorina da ɓauna na kiwo a bakin ƙofa da dare, ba a fita sai da mai rakiya. Da yawansu ba sa karɓar ƙananan yara. Wasu sai shekara 6, wasu 8, wasu 12. Wani Alhaji ya taɓa shigowa ofis da takarda a hannu, ya riga ya tura wa wani dillalin intanet kafin alƙalami mai nauyi don irin wannan masauki, autarsa kuwa shekararta huɗu. Na ce, “Ranka ya daɗe, an tambaye ka shekarun yaran?” Ya ce ba wanda ya tambaye shi. Sharaɗin yana nan rubuce da ƙananan haruffa a ƙasan takardar, kuɗin kuma ba sa dawowa. Muka samo musu wani wuri mai shinge da ɗakuna biyu a haɗe, amma abin da ya tafi ya tafi. Haka masu son ganin goggon biri a duwatsun Ruwanda: takardar izini dala 1,500 ce a kan mutum ɗaya, wato ta haura sefa 800,000, kuma yaron da bai kai shekara 15 ba, ba a barinsa ya hau, ko ɗan wane ne.

In ana son a san inda kuɗi ke yin amfani na gaske, a sa su a mota da jagora. Iyali su ɗauki motarsu su kaɗai, kada a haɗa su da baƙi. Da haka Hajiya za ta sake, in yaro ya gaji a juya, in lokacin salla ya yi a nemi wurin da aka yarda a sauka. Jagora kuma shi ne tafiyar baki ɗaya. Na taɓa raka wani iyali Mara. Mun fito bayan sallar asuba, sanyi na ratsa ƙashi, yara a lulluɓe da bargo. Jagoran ya tsaya a wani fili da ba mu ga komi a ciki ba, ya kashe mota, ya nuna mana wasu bareyi da suka bar kiwo duk suka zuba ido wuri guda, kunnuwa a miƙe. Ya ce mu bi inda suke kallo. Mun daɗe shiru kafin wata yarinya ƴar shekara tara ta damƙe hannun ubanta ta ce, “Baba, ga kunne can!” Zakanya ce kwance cikin ciyawa, launinta da na ciyawar ɗaya. Direban da bai san daji ba da ya wuce ta da gudu yana neman inda motoci suka yi cincirindo. Shi ya sa nake neman sunan jagora da shekarunsa a aikin kafin in dubi hoton ɗakin kwana.

Kada kuma a cika wa tafiya wurare. Daga Maradi zuwa Yamai kaɗai ya haura kilomita 600, sannan jirgi zuwa Adis Ababa, sannan Nairobi. Yaro ya isa a gajiye. A ba shi kwana ɗaya ya huta, a zauna aƙalla kwana uku a daji ɗaya, in akwai hali a ƙarasa da Zanzibar, inda yawancin mutane Musulmi ne, ana jin kiran salla, abinci kuma ba abin tambaya ba ne.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke ɓata wa mutane rai. A rubuta wa masauki tun da wuri cewa naman halal ake so, a kwashe giya daga firjin ɗaki. Ƙananan jiragen da ke sauka cikin daji kilo 15 suke ɗauka a kan mutum, cikin jaka mai laushi. Manyan akwatunan da muka saba kai wa Makka a Nairobi za a bar su. Kenya ta hana leda tun 2017, Tanzaniya tun 2019, don haka a sake wa guzuri mazubi. Nairobi da Mara a kan tudu suke, safiyar Yuli can kamar hunturun Janairu ce a Cadawa, a tafi da rigunan sanyi. Ƙudan tsando yana son baƙin tufa da shuɗi mai duhu, a sa masu launin ƙasa. A riƙe katin rigakafin shawara na kowa, a ga likita a kan maganin zazzaɓin sauro musamman ga yara da mai ciki, a sayi inshorar da ta haɗa da ɗauko marar lafiya da jirgi daga daji. Dokar biza da fasfo tana yawan sauyawa tun fitar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025, a tabbatar da ita kafin a yanki tikiti. Kuma duk wanda ya tallata muku hauren giwa ko fatar damisa, ku wuce; kurkuku ne a filin jirgi.

Akwai wuraren da ba na kai iyali yanzu, ko an matsa mini. Gandun W na bakin kogin Kwara, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1996, yana cikin yankin da ƴan bindiga suka addaba. A Kure, gidan raƙuman dawa kusa da Yamai, an kashe mutum takwas ranar 9 ga Agustan 2020, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu. Nan kusa da mu, dajin Baban Rafi da giwaye suka taɓa zama cikinsa ya zama maɓoyar masu satar mutane, mutanen Madarunfa da Gidan Rumji sun fi kowa sanin wannan. Hanyar Yankari ta Dan Isa da Jibiya ma sai an tambayi halin da take ciki a makon tafiya, a bi ta da rana tsaka. Yankarin kanta ta cancanci wahalar: giwaye, ɓauna, gwanki, ga ruwan Wikki mai ɗumi garai-garai wanda zafinsa ke tsaye wajen digiri 31 rani da damina, yara ba sa son fita daga cikinsa. A dai rufe ƙofa da taga, birai na wurin sun iya fizge abinci daga hannun yaro.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawancin masu zuwa ofishina ba su san jiharmu ta Maradi tana da gandun namun daji ba. Gadabeji, arewa da Dakoro, an keɓe ta tun 1955, faɗinta hekta 76,000, UNESCO kuma ta amince da ita a 2017. Raƙumin dawa irin na yammacin Afirka, mai farar fata da zane ja-ja, babu inda ya rage a duniya sai Nijar. A 1996 guda 49 kacal suka saura. Da kulawar hukuma da haƙurin manoman yankin Kure, waɗanda suka jure raƙuman na ci musu wake, suka haura 600. A Nuwamban 2018 aka ɗauko takwas daga can cikin manyan motoci, tafiyar sama da kilomita 800, aka sake su a Gadabeji, inda fari da farauta suka ƙarar da su kusan shekara 50 kafin nan. An ƙaro huɗu a 2022, kuma sun fara haihuwa a can.

Da na je can, na tsaya na kalli ɗaya yana cin aduwa. Yakan zuro dogon harshe baƙi-baƙi ya naɗe reshe, ya zage ganyen tsaf ya bar ƙaya, yana tauna yana kallonmu ta sama da manyan idanu masu dogon gashi. Can gefe shanun Fulani na kiwo, ba wanda ya damu da wani. Yaran da ke tare da mu, ƴan birnin Maradi, tambayarsu ɗaya: da gaske wannan a ƙasarmu yake? Ina so kowane yaro na Cadawa da Agye da Gazawa ya samu damar yin wannan tambaya, har da waɗanda iyayensu ba za su taɓa iya biyan jirgin Nairobi ba. Mai hali da ya ɗauki ƴaƴansa, ya ƙara da ƴaƴan ƴan'uwa biyu ko uku, mota ɗaya ce.

Babu otal na alfarma a Gadabeji, gaskiya ce. Jin daɗin wurin kai ne za ka tafi da shi: kat-kat biyu masu lafiya don in ɗaya ta kafe a rairayi ɗaya ta ja ta, tantuna masu kyau, katifu, mai dafa abinci, ruwan sha mai yawa, rago daga wajen makiyaya a gasa da dare. Kuɗin duka ba zai kai na tikitin mutum biyu zuwa Kenya ba. Na kuma lura yaron da ya fara da nan, ya koyi yin shiru, ya koyi duba sawu a ƙasa da jiran dabba, shi ya fi cin moriyar babbar tafiya in an kai shi daga baya. Lokacin zuwa Gadabeji daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne, kafin zafi ya sauko. A fara zuwa ofishin ma'aikatan gandun daji a Maradi a nemi izini, a ji ta bakin hukuma a kan tsaron hanya a makon da za a tashi, a ɗauki ma'aikacin gandun a mota, domin su ke bin sawun raƙuman kullum, su suka san inda suka kwana. Kada a matsa kusa da dabbar, shurinta na kisa ne, balle mai ɗa. Wutar girki kuma a haƙa mata rami, a binne ta da rairayi kafin a bar wurin, saboda bayan damina ciyawar yankin a bushe take ƙayau, gobarar daji ɗaya tana cinye abincin raƙuman da na shanun makiyaya na shekara guda.